Maureen Tickner da Takardar da Muka Rufe

Kowace ranar aiki, bakwai da rabi na safe, Maureen Tickner takan ja ƙofar gidanta da ke ƙarshen layi a ƙauyenmu na Marlhurst, ta murɗa makulli, ta sake taɓa ƙofar don ta tabbata. Kayan jakarta ba su taɓa sauyawa ba: dunƙulen kirtani, almakashi, gorar shayi, da takardun sanarwa da aka liƙe cikin leda saboda ruwan saman da ba ya rabuwa da mu. Takan tsaya a gidan burodin Desmond Pannell ta sayi ƙaramin burodi ɗaya, sannan ta shiga tsohuwar motarta ta nufi ofishin majalisar gundumarmu. Shekara talatin da huɗu tana wannan zirga-zirga. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki.

Aikin nata ba irin wanda ake sa hoton mai shi a jarida ba ne. In wani ya nemi izinin gini, ko majalisa tana son hana ajiye mota a wani titi, Maureen ce ke zuwa ta ɗaure sanarwa a jikin falwaya. Daga ranar, mai ƙorafi yana da kwana ashirin da ɗaya ya rubuto. Ita ke karɓar wasiƙun ta kai gaban kwamitin kansiloli. Ranar zama ita ke rubuta duk abin da aka faɗa, kuma ita ke riƙe da ɗan agogon dafa ƙwai da ake auna wa mai magana minti ukunsa. In ya yi ƙara, ko kana tsakiyar kalma, sai ka zauna. Doka ɗaya ce ta fi matse ta: ba ta da baki. Za ta iya faɗa maka abin da ke rubuce, amma ba za ta ce ka yarda ko ka ƙi ba, ko da gidan uwarta za a rushe.

Mu maƙwabtanta Mai Kirtani muke ce mata, kuma da can da ƙauna muke faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne shekarar da muka daina faɗarsa da ƙauna.

Shekara shida ke nan, cikin watan Maris, ta ɗaure takarda biyu a falwayar da ke gaban gidan burodi. Ta sama tana cewa za a shata layi biyu na fentin rawaya a bakin babban titi, daga coci har gidan waya, ba mai ƙara ajiye mota a wurin. Ta ƙasa tana cewa wani kamfani yana neman izinin haƙa rijiyar neman man fetur a wani fili bayan gonar Cyril Hoad, mil ɗaya daga gari. Ta ƙasan nan, da Maureen ta ɗaure ta a ƙofar filin kaɗai, inda tumaki ne kawai za su gani, da ta cika doka. Ita kuwa ta ɗaure ta wuri huɗu: ƙofar filin, tashar bas, ƙofar makarantar firamare, da gaban gidan burodi.

To, in kana son ka ga mutumin Marlhurst ya ajiye kunyarsa a gefe, taɓa masa wurin ajiye mota. Mutanen da suka shekara ashirin ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar ruwa da sanyi, sai ga su suna ƙwanƙwasa ƙofar juna. Desmond ya rubuta takardar koke, ya kawo allo ya maƙala ta a jikin falwayar don kowa ya sa hannu. Allon ya sauka daidai kan takardar ƙasa, ya rufe ta ruf.

Washegari Maureen ta shigo sayen burodi. Ina cikin layi, na ji komai.

"Desmond, allonka ya rufe mini takarda."

"Wacce? Ta fenti dai ko makaho ya gani."

"Ta ƙasa."

"Haba Maureen, ta wani rami a bayan gari? Su yi ta haƙa har su ɓullo Ostireliya. Ni mai sayen burodina in bai sami inda zai tsaya ba, babban kanti zai wuce."

"Cikakken bayanin yana laburare, da hannuna na ajiye shi. Akwai yawan tankokin man da za su riƙa bi ta nan ƙofarka."

"In an ba su izini ke nan. Wane mahaukaci ne zai ba su? Fenti kuwa ga shi a hancina." Ya miƙa mata burodin. "Shafi nawa ne bayanin naki?"

"Ɗari biyu da 'yan kai."

"To Allah ya ba mai karatu lada."

Muka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Akwai magana a bakinta, kowa ya ga alama: in ba ku rubuta ba, za a ba su. Kalma tara ce kacal, amma tana cikin waɗanda aikinta ya hana ta. Ta haɗiye ta, ta fita, ta ɗaga allon sama kaɗan don takardar ƙasa ta fito. Kafin la'asar wani ya mai da shi. Sau huɗu tana ɗagawa ana mayarwa. A na huɗun wata mata ta hango ta ta taga, kafin a ce me labari ya zagaye gari cewa Mai Kirtani tana yage koken jama'a.

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni ke rubuta 'yar jaridar cocinmu ta wata-wata. Na rubuta cewa abin takaici ne 'yar gari ta zama karen farautar majalisa. Ban kira suna ba, amma ba wanda ya tambaye ni wa nake nufi. Ranar Lahadi ta buɗe ƙofa za ta coci, ta tarar an shata mata layin rawaya biyu a dokin ƙofa. Ta tsallake ta je coci, ta zauna a bencinta ita kaɗai, ta dawo ta durƙusa da buroshi da ruwan zafi. Har yau in ka duba da kyau za ka ga sauran fentin a tsagin dutsen.

Da kwana ashirin da ɗaya suka cika ta ƙirga wasiƙu. Na fenti ɗari huɗu da goma sha biyu. Na rijiyar mai guda ɗaya, rubutun hannu, daga Cyril Hoad.

Ranar zama, ƙarfe biyu na rana, muka cika zauren majalisa har da na tsaye. Fenti shi ne abu na shida a jerin ranar, rijiyar mai na bakwai. Desmond ya yi minti ukunsa kamar wanda aka haifa a kan mumbari. Kansiloli suka dubi yawanmu, suka dubi juna, suka janye maganar fenti. Muka yi tafi, muka fara ɗaukar riguna da lema.

Sai Maureen ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye biro ana tsakiyar zama, ta taso ta tsaya a bakin ƙofa.

"Jama'a, ba a tashi ba. Saura abu na bakwai."

"Na bakwai naki ne, Mai Kirtani," in ji Desmond. "Mu namu ya yi kyau. In kin gama ki same mu a mashaya, ni zan saya miki, don ki san ba mu riƙe ki a zuci ba."

Muka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗata ta gogi tata, ban ko ce sannu ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Cyril na ji shi, kuma yana nan cikin rubutun zaman. Shi kaɗai ya rage a kujerun jama'a, tsoho ɗan shekara saba'in da tara, da hularsa a kan gwiwa. Mutumin kamfani ya yi nasa bayani sumul. Aka kira Cyril. Shi kuwa mutum ne da in zai ce maka ina kwana sai ya yi tunani tukuna. Ya fara da kakansa, ya gangaro kan tumaki, yana isowa kan idon ruwan da ke ƙasan filin agogo ya yi ƙara. Maureen ba ta ƙara masa ko daƙiƙa ba, don ba ta taɓa ƙara wa kowa ba. Sai dai ta ɗaga kai ta ce da shugaban zama:

"Ranka ya daɗe, ban ji ƙarshen maganarsa ba, kuma dole in rubuta. Ko zai maimaita?"

Shugaba ya ce ya maimaita. Cyril ya ce idon ruwan nan shi ke gangarowa tafkin gari, ya kamata a riƙa gwada shi.

"Sai me kuma? Ka yi haƙuri Malam Hoad, kunnen nawa ne yau."

Maureen da ke jin faɗuwar allura a ɗaki na uku! Cyril ya dube ta, ya gane. Ya ce kwanar da ke gaban makaranta ba ta ɗaukar tanka da yara a lokaci guda. Sau uku tana kurumcewa, sau uku yana ƙarawa. Wata kansila ta ɗauki maganganun nan biyu ta ce a mai da su sharaɗi. Aka kaɗa ƙuri'a kan ba kamfanin izini, shida suka yarda, biyar suka ƙi. Na shidan, kafin ya ɗaga hannu, ya nuna kujerun da muka bari ya ce, "Ɗazu zauren nan cike yake. Da abin ya dame su da sun zauna." Maureen ta rubuta wannan ma, kalma bayan kalma.

Da kaka ta shigo tankoki suka iso. Titin da muka ƙwato wa motocinmu shi ne hanyarsu. Maduban motocinmu suka fara karyewa. Wata safiya tanka ta maƙale tsakanin motar mai nama da katangar coci har azahar. Bayan mako biyu aka zo aka shata layin rawaya na gaggawa, ba a jira wasiƙar kowa ba, kuma ya zarce gidan waya har gada. Desmond da ke sayar da burodi har yamma, yanzu sha biyun rana yake rufewa.

Kun san abin da muka yi? Muka tare ta a tashar bas muka ce, "Ke da kika sani, me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

Ta ce, "Na ɗaure ta wuri huɗu."

Maureen, ke ce kika tsaya a bakin ƙofa ranar da gari guda ya juya wa kansa baya. Ke ce mai kunnen da ya mutu sau uku don tsoho ya ƙarasa maganarsa. Saboda kurumcin nan naki ne tanka ba ta bi ta gaban makaranta lokacin shiga da lokacin tashi, kuma saboda shi ne ake ɗiban ruwan Cyril kowane wata a gwada. Direba ya karya sharaɗi, ke kike rubuta lamba da lokaci ki tura inda ya dace, shekara shida, ba wanda ya sa ki. Iyayen da ke tsallakar da 'ya'yansu a kwanar nan da yawansu suna cikin waɗanda suka daina gaishe ki. Ba ki taɓa tuna musu ba. Ni da na rubuta abin da na rubuta, kika ci gaba da ce mini ina kwana kamar ba a yi ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Na ji kunya, har yanzu ina ji.

Walimar sallamarta a ofis aka yi, da kek ɗaya da shayi. Daga Marlhurst mutum biyu ne suka je, ni da Cyril.

Amma da safiyar ranar ta yi aikinta na ƙarshe. Kamfanin ya sake shigar da takarda, yana neman ƙarin shekara goma sha biyar da rijiya ta biyu. Da ta so, da ta bar wa wanda zai gaje ta ya ɗaure ranar Litinin. Ta zo da kanta gaban gidan burodi, ta zaro kirtani. Desmond ya fito da garin fulawa a hannu, ya yi furfura sosai a 'yan shekarun nan. Ya tsaya yana kallo, can ya sa yatsa ya danne mata ƙullin.

"Yau ɗaya ce?"

"Ɗaya ce."

"Ba ta ƙasa?"

"Ita ce ta ƙasan. Ta dawo."

Ya ciro tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, a fili, har da lambar takarda. Da ya gama ya ce, "To Maureen, tunda yau kin ajiye aiki, ai kin sami baki. Me za mu yi?"

Ta dubi agogon hannunta. "Sai biyar ta yi."

Biyar da kwata aka gan ta a gaban akwatin gidan waya da ambulan a hannu. Shekara talatin da huɗu tana ƙirga wasiƙun mutane, ranar ce ta fara jefa tata.

Mun gode, Mai Kirtani, kuma ki yafe mana. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Ku kuma 'yan uwana, na sani sarai ba za mu iya zama Maureen ba, amma abin da ta yi ta roƙonmu bai fi ƙarfin kowa ba. Takardar tana nan a falwayar gaban gidan burodi, ba abin da ya rufe ta. Ku je ku karanta. Wanda ya yarda ya rubuta, wanda ya ƙi ya rubuta, ranar zama kuma kada kowa ya taɓa rigarsa sai an ce an tashi. Wannan karon ba mai tsaya mana a bakin ƙofa. Yau saura kwana goma sha shida.