Mai Raken Ƙofar Shagona

Shekara da shekaru yana sayar da rake a ƙofar shagona na ɗinki a kasuwar Gudu. Mutum ne mai tsokana, kullum sai ya ce wandon da na ɗinka masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Da ciwon taɓin hankali ya same shi, sai ya daina barci, yana ta surutu shi kaɗai. Ran nan yayansa ya zo da wasu ƙarti biyu, suka ɗaure shi da igiyar da yake ɗaure rake, suka cusa shi a tasi yana kiran sunana. Ina tsaye da almakashi a hannu, wallahi ko motsi na kasa.

Bayan watanni na je duba shi a asibitin masu taɓin hankali da suka kai shi. Na same shi yana shara a baranda, fes da shi, har ya yi ƙiba. Yana ganina ya ce, "Tela, har yanzu kana ɓata wa mutane yadi?"

Na yi dariya, sai kuma ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah ka fitar da ni."

Wata nas ta ce mini ya daɗe da warkewa, amma wanda ya kawo shi ne zai zo ya tafi da shi. Raina ya ɓaci. Na ce ai na ji a rediyo an yi sabuwar doka, ba a tsare mutum haka kawai.

Ta ce, "Oga, dokar tana nan. Amma kai ɗan'uwansa ne? Je ka kawo yayan."

Da ƙyar na gano yayan a Tungan Maje, yana faci a bakin titi. Na gaishe shi, na ce albishir, ƙaninka ya warke sarai, kai kawai ake jira. Ga mamakina, ko kai bai ɗaga ba. Ya ci gaba da shafa gam a tayar da ke hannunsa.

"Malam, ka bar shi a can," in ji shi.

"Haba! Ɗan'uwanka fa, uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Ina da 'ya'ya mata. Wa zai aure su in aka ji akwai hauka a gidanmu? Na gaya wa mutanen ƙauye ya rasu, mun binne shi a nan Abuja."

Innalillahi! Na nemi benci na zauna.

Sai a lokacin ya dube ni. "An yi zaman makoki. Matarsa ta gama takaba, har an ɗaura mata aure. In na kai shi gida, in ce musu wa na kawo?"