Hauyar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

A Kunduru na tashi, gidan manoman gyaɗa. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, kakata Inna Dela kan hura wutar kara a tsakar gida, ta juye mana kwandon gyaɗa mu ɓare. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce. Muddin tana jin ƙarar ɓawo tana zuba labari, da ƙarar ta ragu sai ta yi tsit.

"Wane malalaci ne ya kashe mani zance? Ke Rabi, cikin ƙwarya aka ce ki zuba, ba cikin cikinki ba."

Ni ce Rabin. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma duk abin da ya fito daga bakin tsohuwar nan yana nan a kaina.

Akwai wadda muka fi so. In ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso lafiya, sai ta fara. Wata mata ce matalauciya mai noma da tsinin itace. Ran nan wani attajiri ya biyo ta gefen gonarta, ya ji tausayinta, ya ba ta hauya sabuwa fil. Ya ce, "Da kaka zan dawo in ga hauyata." Matar ta naɗe hauya cikin zanenta na Salla, ta rataye a ɗaka. Kowace Juma'a ta shafe ta da man gyaɗa, ta koma gona da itacenta. Ciyawa ta shanye gero. Da kaka attajiri ya dawo, ya ga hauya na sheƙi, ya sa albarka, ya kama hanya. Rumbu ko kallonsa bai yi ba.

Mu kuwa har birgima muke don dariya. Inna Dela ba ta dariya. "Ku yi ta yi," in ji ta, "ku dai ɓare."

Yau ina Kusada wurin ɗana. Jikata Ummi na aji shida, bana za ta fita firamare, kuma har yanzu ba ta iya haɗa baƙi. In an ba ta takardar asibiti sai ta juya ta, kamar ni. Bara aka kawo wa makarantarsu ƙananan kwamfutoci masu kamar allo, aka kafa sola a rufi. Aka ce abin na magana da Hausa, yana nuna wa yaro harafi, in ya kuskure ya maimaita masa ba tsawa. Na yi murna har na yi guɗa. Ummi ta taɓa shi sau ɗaya, ranar da baƙi suka zo ɗaukar hoto.

Da na gaji, na yafa mayafi na tafi wurin hedimasta.

"Malam, ina allunan yaran nan?"

Ya buɗe kabad. Ga su cikin kwali, a jere, yawancinsu ko ledar ba a yage ba.

"To ƙwai ne, kana jira su ƙyanƙyashe?"

"Iya, ki yi haƙuri. Wanda ya zo koya mana wuni ɗaya ya yi, bai sake dawowa ba. Masu zuwa dubawa kuwa ƙirgawa kawai suke. In ɗaya ya tsage, ni za a tuhuma."

"Sun taɓa kiran yaro su ce ya karanta masu?"

Ya juya makulli a hannu.

Nan na gane abin da ya hana Inna Dela dariya. Shekara da shekaru ina ba yara wannan tatsuniya ina kwaikwayon wautar matar, ashe abin da aka ce za a duba shi ta tsare. Da attajirin ya ce rumbu zai leƙa, da hauyar ta ci ƙasa har ta dakushe.

Na ce wa hedimasta, "Ina da akuya mai ciki. Ka ba Ummi guda ɗaya. In ta fasa, ka aiko a kwance akuyar."

Ya yi murmushi kamar zai yi kuka. "Iya, wa zan kai wa akuya a ofis?"

Ya mayar da kwali, ya kulle. Ummi na tsaye bakin taga tana leƙenmu, sai aka buga ƙararrawa, ta ruga aji.