Jan Biron Da Na Saya Da Hannuna

Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Lokacin da 'yan'uwana maza ke tafiya makarantar mishan, ni ina gonar citta da uwata. Ko wannan labarin ma, da baki na faɗa, wata 'yar zumuntarmu ta rubuta. Amma Allah bai hana ni ido ba, kuma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Jikata ta zo hannuna tana da shekara biyar, bayan rasuwar uwarta, 'yata ta biyu. Ubanta direban tirela ne, sai a yi wata uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. A gadon asibiti 'yata ta riƙe mini hannu ta ce, "Mama, ki sa ta yi karatu. Ki kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, irin wadda ni ban samu ba." Na ce na ji. Ban saba faɗin magana sau biyu ba. Wannan makaranta kuwa ba a shigarta sai da jarrabawa, kuma an gaya mini lissafi ne ke kayar da yara.

Muna zaune a unguwar Television, ciki da falo, da 'yan kajina a bayan gida. Kullum ta dawo daga firamare, kafin ta cire yunifom, sai in ce, "Kawo littafin." Alama biyu na sani a duniyar takarda. Akwai mai kama da lauje, ita ce daidai. Akwai mai kama da gicciye da ya karkace, ita ce kuskure. In buɗe littafin lissafi, in bi da yatsa, lauje, lauje, lauje, duk da jan biro. Ranar da na ga gicciye ko ɗaya, ba ƙwai a abincinta. Ba a daɗe ba gicciye ya ɓace daga gidana.

Farkon kowane zango akan turo takardar kayan da za a saya, maƙwabciyata ta karanta mini: littattafai, fensir, jan biro. Ni a zatona jan biron na malama ne, kamar itacen da yara ke kai wa malami a ƙauye. Saboda haka mai kyau nake zaɓa. Ina cewa hannun da zai auna jikata kada ya riƙe abin banza.

Ga kuma waƙar lissafi ta Turanci. Tana wanke-wanke tana rera ta: tu-wan-tu, tu-tu-fo, har zuwa sha biyu ba tuntuɓe. Masu wucewa su ce, "Mama, kin samu injiniya!" Ni kuwa in ji daɗi a raina.

Tana aji shida abin ya fashe, kuma a kan ƙwai. Wata Asabar na jera su a kiret, hannuna da dusa, na ce, "Layi shida ne, kowanne biyar. Nawa ke nan?"

Sai ta miƙa yatsa tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

Na buge hannun. "Ba shida sau biyar a waƙarki?"

Ta rufe ido, ta ɗauko waƙar tun daga kai, leɓenta na motsi, sannan ta ce, "Tati."

"To, ƙwai nawa ne a kiret?"

Ta dube ni da iyakar gaskiyarta. "Kaka, ai wancan na makaranta ne. Ba na ƙwai ba ne."

Ban dake ta ba. Na ɗauke kiret ɗin na shiga ciki.

Ran Litinin na bar ta ta yi gaba, na ɗaura ɗankwali na bi bayanta. Katangar makarantar ta zube ta baya, na shiga ta nan na tsaya gefen tagar ajinsu, wadda ba ta da murfi. Yara huɗu, biyar a benci ɗaya, wasu a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa. Malamar matashiya ce, da tsohon ciki, muryarta ta dishe. Ta rubuta abu a allo, ta yi bayani da Turanci da sauri, ta juyo. "Kun gane?"

"Yes, Anti!" Har kwanon rufin ya amsa.

Ta rubuta guda biyar ta ce su yi. Na zuba wa jikata ido. Ta kwafe tambayoyin da rubutunta mai kyau, ta bar wurin amsa fari, ta zauna tana cizon fensir. Jim kaɗan malama ta buga sanda a tebur ta ce a yi musayar littafi, ita kuma ta juya tana rubuta amsoshi a allo. Jikata ta miƙa wa ƙawarta nata, ta karɓi na ƙawar. Kowacce ta kwafo amsa daga allo ta cike wa 'yar'uwarta da fensir. Sai na ga jikata ta zaro jan biro daga safarta. Biron da na saya da hannuna. Lauje, lauje, lauje. Aikin gayya suke yi, yau ki nome mini, in nome miki. Shekara nawa ina bin wannan jan tawada da yatsa kamar mai bin ayar Littafi Mai Tsarki, ashe hannun yara ne.

Da aka kaɗa ƙararrawar tara na tare malamar a baranda. Ta rusuna ta gaishe ni.

Na ce, "Anti, wa ke duba littafin jikata?"

Ta gane. Ba ta yi mini ƙarya ba, wannan na yaba mata. "Mama, kin ƙirga su?"

"Na kai tamanin na bari."

"To, idan na duba kowane littafi, yaushe zan koyar? Yaushe zan je gida?"

"Jarrabawar ƙarshen zango fa? Ta zo ta biyar."

"Tambayoyin da muka yi bita da su ne ake maimaitawa, Mama. Wanda ya haddace ya ci. Wanda bai ci ba ma tura shi gaba muke yi, wasu na jiran bencin." Ta dafa ƙugu ta rage murya. "Kada ki ɗaga hankalinki. Ranar babbar jarrabawa akwai wata santa, wurin rubuta jarrabawar, da ake taimaka wa yara da amsa. Iyaye sun san hanya. Uwar ƙawar jikarki za ta nuna miki."

Na ce, "Wato a sake saya mata jan biro."

 Na juya na tafi.

Saura wata uku jarrabawar. Na ɗebo ƙwayar masara a faifai, kullum da yamma mu zauna a ƙofar ɗaki. In jera layi bakwai, in ce kwashe biyu, in ce raba wa mutum huɗu. Ta yi kuka, na bar ta ta gama, muka ci gaba. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Cikin wata guda ta daina taɓa ƙwai da yatsa. Amma da ta kawo tsohuwar takardar jarrabawa, nan ƙarfina ya ƙare. Lamba a kan lamba da sanda a tsakani. Wani kuma an yi masa rumfa, lambobi na gangarowa ƙasa. Na san rabin mudu, na san kwata, amma ban san da wace fuska suke zuwa a takarda ba. Ta karanta mini da Turanci, ba ta iya mayar mini da Hausa ba, don ita ma ba ta san me take karantawa ba. Ni da lissafi ba rubutu, ita da rubutu ba lissafi, muna kallon juna kamar mutum biyu a gaɓar kogi, ba kwalekwale.

Uwar ƙawar ta zo har gida sau biyu a kan maganar santa. Na biyun ta ce, "Mama, gaskiyar nan taki ta yi yawa. Ita za ta ci?" Na ce ta gaida gida.

Ranar jarrabawa ni na raka ta inda makaranta ta tura su. Na zauna gindin mangwaro har suka fito. Na ce, "Yaya?"

"Na yi guda shida da kaina, Kaka. Sauran na shafa baƙi ne kawai a takardar amsa inda hannuna ya faɗa."

Sunanta bai fito ba. Na ƙawar ya fito. Ranar tafiya makarantar kwana ita da uwarta suka biyo sallama, da sabon akwatin ƙarfe a bayan keke napep. Jikata ta taya su gyara shi, ta ɗaga hannu har suka sha kwana. Da ta shigo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kaka, da kin bar ni na je santar can." Na fita bayan gida wajen kajina.

Yanzu tana sakandaren jeka-ka-dawo a nan kusa. Takardar kayan zango ta zo, maƙwabciyata ta karanta, da ta kai wurin jan biro sai ta ɗago ta dube ni. Na ce ta ci gaba. Na je na saya, mai araha. Na daina cewa a kawo littafi.

A coci idan ana addu'a, fuskar 'yata nake gani, ban san me zan ce mata ba. In ce na hana a yi wa 'yarki ƙarya? Ba shi ta roƙe ni ba.

Da safe yarinyar ke kwashe mini ƙwai kafin ta tafi. Kallo ɗaya take yi wa kiret ta faɗi adadin, ba ta kuskure. Ba wanda zai taɓa tambayarta wannan a takarda.