Ranar da Muka Yanke Ƙafar Tankin Jajaye

Na fi shekara ashirin ina walda a Karaye kafin wani ya dubi aikina ya ce akwai gyara. Ƙofofi, tagogi, amalanke, injin ɓarar gyaɗa, duk sun bi ta hannuna, kuma ban taɓa jin an dawo da wani ba.

Wata damina mutanen Jajaye, can ƙasar Rogo, suka ba ni aikin ƙafar tankin ruwa na rijiyar burtsatsensu. Ina tsakiyar aikin ƙanena ya zo hutu. Malami ne, yana koyar da kimiyya a Kano. Bayan mun gaisa ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan akwati da bai kai bulo ba, da siririyar waya mai gilashi a baki, da kwamfuta.

"Yaya, so nake ka bar ni in auna hasken waldarka."

"Hasken da ke kashe ido? Me za ka samu a ciki?"

Ya ce akwatin yana rarraba haske kala-kala kamar bakan gizo, kuma duk abin da ya ƙone a cikin wutar, ƙarfe ne ko iska ko ruwa, yana da kalarsa. Na ce bismillah, ni dai kada ya tsaya mini a hanya.

Ya saita bakin wayar daga gefe, na sauke gilashina na kama aiki. Mahaɗa uku na gama yana duba kwamfutarsa. A ta huɗu, wadda za ta ɗauki nauyin kusurwa, ya ɗaga hannu.

"Yaya, wannan akwai matsala."

Na kakkaɓe ɓawon da ke kan waldar da guduma, na nuna masa. Ɗinkin ya kwanta sumul. Shi kuma ya juyo mini kwamfutar, ya nuna wani layi a wajen kalar ja da ya yi tsalle sama.

"Wannan alamar danshi ce. Ruwa ya shiga wutar."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna cewa a wannan mahaɗar ƙarar wutar ta canza, tana tartsatsi fiye da kima, na ɗauka janareta ne. Kuma ƙarƙashin wannan tanki mata za su riƙa tsayawa da bokitai.

"Kawo injin yanka," na ce.

Muka yanke. Ciki duk ƙananan ramuka ne, kamar burodi. Na daɗe ina juya guntun a hannuna. Daga nan na wuce cikin shago na duba kwalin sandunan walda da na buɗe da safen nan. Gindinsa a jiƙe yake, ashe kwanon rufin yana ɗiga ta wannan lungun.

Na hura gawayi, na ɗora faranti, na ware kaɗan daga sandunan, na shanya sauran har suka bushe ƙarau. Kafin in sake kamawa na ce masa ya juya kwamfutar kada in gani. Na haɗa busassu da masu danshi, na yi ta gwaji a kan guntayen ƙarfe, duk wanda na ƙona sai in saurari ƙarar wutar in faɗa masa ko layinsa ya tashi ko bai tashi ba. Sau ɗaya kawai na kuskure.

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Yaya kunnenka na'ura ne."

"Na'ura ce, amma ɗazu ta ji ta yi shiru."

Muka sake mahaɗar, muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana aunawa. Kwana biyu aikin ya ƙara.

Ranar da muka kai ƙafar Jajaye a bayan mota, mai unguwa ya tambayi dalilin jinkirin. Na ciro guntun nan daga aljihu na miƙa masa. Ya ɗaga shi ga rana, ya leƙa ramukan, ya miƙa wa dattijon da ke kusa da shi, haka ya zagaya hannu zuwa hannu. Sannan matasan gari suka kama igiya, muka tayar da ƙafar, aka ɗora tanki. Ni na fara hawa sama na ɗaure bututun, ina jin ruwa yana shiga, har ya cika ya tumbatsa ya jiƙa mini riga.