Malam Isuhu grefiye, da takardar Gidan Sori

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina bakin shago aka kira ni, aka ce Malam Isuhu grefiye ya rasu.

Yara ba za su san shi ba. Shi ne grefiye, wato magatakardan kotu, a Gidan Rumji lokacin riƙon ƙwarya, sadda ake ta yajin aiki, ka je buro, wato ofis, ka tarar da ƙofa a rufe.

A shekarun ne babana ya yi shari'ar gona da maƙwabcinmu a Gangara. Maganar iyaka ce, ta fi ƙarfin mai gari, ta kai gaban alƙali. Mutum ɗaya ya rage da ya san iyakar tun zamanin kakanni, wani tsohon makiyayi, Baffa Jauro, wanda shanunsa suka shekara suna kwana a gonar. To ya koma wajen 'ya'yansa can bayan Gidan Sori, ƙafafu sun mutu, ba ya ko tashi.

Alƙalinmu ya ce tunda shaida ba zai iya zuwa ba, kotu za ta je mishi. Ya rubuta wa alƙalin Gidan Rumji takarda da tambayoyin a jere, ya ce a je a ji bakin tsohon a aiko. Baba ba shi da lafiya, ni aka tura, maƙwabcinmu ma ya tura ƙanensa.

Da na isa Gidan Rumji, ban san kowa ba a garin. Malam Isuhu ya gan ni zaune gindin itacen bedi da 'yar jakata, ya ce, "Kai ne na Gangara? Tashi mu je gida, ba a shari'a da yunwa." Kwana uku ina cin tuwon gidansa.

Ranar tafiya mota ta kafe a rairayi, muka ƙarasa a amalanke, alƙali da grefiye da mu biyun. Aka fito da Baffa Jauro kan tabarma, aka rantsar da shi. Alƙali na tambaya, Malam Isuhu na rubutawa.

Tsohon ya ce, "Iyaka gawon nan ne na gabas. Daga gawo zuwa kwari ba na kakan yaron nan ba ne, aro aka ba shi."

Rabin gonarmu ke nan.

Malam Isuhu ya karanta mishi abin da ya rubuta da Hausa, a hankali, har sau biyu. Ya ce, "Baffa, haka ka ce?" Ya ce haka ne. Ya dangwala yatsa.

A hanyar dawowa na ja shi gefe. Ba zan ɓoye muku ba, roƙonsa na yi ya cire maganar aron nan. Na ce tsoho ne, ya rikice.

Ya dube ni ya ce, "Sa'idu, mutumin nan ba zai taɓa tsayawa gaban alƙalinku ba. Takardar nan ita ce bakinshi. In na taɓa ta, wa zai faɗa mishi?"

Aka rufe takarda, aka buga hatimi, aka aika. Muka rasa gonar daga gawo zuwa kwari. Baba bai ƙara damina biyu ba.

Na riƙe Malam Isuhu a zuciya shekara da shekaru. Ya aiko mini gaisuwa ta bakin mutane, ban amsa ba. Sai da gwaggota ta kusa rasuwa ta ce mini gaskiya Jauro ya faɗa, ita ma ta san aro ne, tsoron baba ya hana ta magana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bara ce, ranar kasuwar Cadawa. Ya tsufa, yana dogara sanda, ido ya yi rauni, amma muryata kawai ya ji ya ce, "Na Gangara?" Ya tambayi baba, na ce ya daɗe da rasuwa. Ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Na san kana jin haushina. Ko yau aka mai da ni, haka zan rubuta. Amma wallahi ban ji daɗin ranar nan ba."

Maganar tana bakina, in ce Malam ka yafe mini, ni ne da laifi. Sai direban motar da zan bi ya yi oda, na ce mishi zan zo gida takanas.

Ban je ba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Isuhu, ka haskaka kabarinsa, ka sa amanar da ya riƙe ta zame mishi shaida ranar da babu mai magana sai da izininka. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mishi addu'a. Ni ma ku sa ni ciki, Allah ya yafe mini.