Baƙar Motar da Almustapha Ya Goge

Duk wanda ya zauna a Batsari kafin abubuwa su lalace ya san garejin Almustapha mai fenti, wanda ke jingine da katangar gidansa, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Mutumin Karare ne, ɗan manoma gyaɗa, amma tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya tafi Kaduna koyon fentin mota. Abu biyu ya dawo da su: tari da ba ya jin magani, da hannun da babu irinsa a yankin. Kuma ya san haka, shi ya sa zama da shi sai mai haƙuri. In ka kawo masa motar da wani ya fenta, ba zai ce maka komai ba, sai ya shafa tafin hannunsa a jikinta ya yi tsaki. Abin da ke cinsa a rai kullum shi ne mutanen garin ba su san darajar aikinsa ba, a wurinsu fenti fenti ne.

Sai shekarun 'yan bindiga suka shigo, tsadar mai ta biyo baya. Masu hali suka kwashe iyalansu suka koma Katsina, waɗanda suka rage kuwa suka koyi ɓoye abin hannunsu. Wanda ya sayi sabon babur sai ya shafe shi da taɓo kafin ya hau, mai mota ya daina wanke ta, don kowa ya san a cikin gari akwai idanun da ke aika labari daji, ba a dai san na wane ne ba. A gari irin wannan wa zai nemi mai sa mota ƙyalli? Almustapha ya koma fentin ƙofofin shago da allon makaranta. Injinsa na folish, wanda yake goge fenti da shi ya yi ƙyalli, ya daɗe rataye a ƙusa har zanzaro ya yi gida a jikinsa, kuma duk ya ɗaga kai ya gan shi sai ransa ya ɓaci.

Autarsa Ramlat tana auren Malam Jamaluddeen, malamin firamare da aka tura Safana, mutum mai sanyin hali wanda ba ya iya haɗa ido da surukinsa. Yana da wata tsohuwar baƙar mota da ya gada daga mahaifinsa. Da ita yake zuwa aiki kullum, yana ɗaukar fasinja a hanya don ya samu na mai. Rana da ƙura sun cinye launinta har ta koma kamar gindin tukunya, kuma wannan munin ne yake tsare shi a hanyar da ake tare mutane da rana tsaka.

Wata rana amalanke ya karce masa ƙofar direba. Kunyar suruki ta hana shi zuwa wurin Almustapha, sai ya kai wa wani mai gyara a Safana. Mutumin ya jiƙa samfefa mai kaushi, takardar nan mai yashi-yashi, ya dirje wurin, sannan ya ɗora injin folish ya danne a wuri ɗaya har fentin ya ƙone a bakin ƙofar. Ya bar masa zane-zane masu zagaye da wani farin tabo da ƙarfe ke leƙowa, ga damina ta kawo kai, tsatsa za ta ci. Dole Malam Jamalu ya zo ya durƙusa a gareji, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya nuna ɓarnar yana sunkuyar da kai.

Almustapha ya shafa ƙofar, ya yi tsakin da ya fi na kullum tsawo, ya tambayi wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan. Malam Jamalu bai faɗi suna ba. Ya dai ce, “Baba, tabon kawai za a rufe saboda tsatsa. Don Allah a bar ta da dattinta, ka san yadda hanya take.” Tsohon ya ce ya ji, ya bar motar ya dawo bayan hutun makaranta.

Kuma da niyyar hakan ya fara. Ya jiƙa samfefa mai laushi a ruwan sabulu, yana gogawa a hankali ta fuska ɗaya, yana sharewa yana shafawa da tafin hannu, har zanen zagayen nan suka kwanta. Bakin ƙofar da ya ƙone kuwa folish ba ya gyara shi, don babu sauran fentin da za a goge, sai da ya rufe ƙarfen, ya haɗa baƙi ya fesa, ya bi da kiliya, wato ruwan saman da ke ba fenti ƙyalli. Da ya bushe ya sauko da injinsa, ya kakkaɓe gidan zanzaron, ya sayi ɗan mai ya tayar da janareta. Yana tafiyar da injin a kwance, ba ya barinsa ya tsaya, yana kauce wa gefe-gefe inda fenti ba shi da kauri, lokaci-lokaci ya taɓa da bayan hannu ya ji ko ya yi zafi. Rabonsa da jin daɗi irin na ranar har ya manta.

Matsalar ita ce da ƙofar ta fito, sai ta fito da yawa. Ta zama kamar sabon faci a tsohuwar riga, kuma duk wanda ya gani zai ce aikin Almustapha ne ya bar mota kala biyu. Ya ce bari ya ɗan taɓa ƙofar baya don su daidaita. Daga ƙofar baya ya wuce gefen gaba, daga nan bonet ya tsone masa ido. Matarsa Hansatu ta leƙo da kwanon abinci, ta ga rabin motar na ɗaukar ido. Ta tuna masa abin da yaron ya roƙa, ta ce mutane na shafa wa abinsu taɓo shi kuma yana wanke mijin 'yarsa yana ajiyewa a bakin hanya. Ya daka mata tsawa, ya ce tsoro ya mayar da mutanen garin nan mabarata, kuma abin da Allah ya rubuta ba fenti ne zai kawo shi ba. A ransa kuwa kyauta yake yi wa surukinsa, irin kyautar da shi kaɗai zai iya bayarwa.

Ranar da Malam Jamalu ya zo ɗauka, ya tsaya ya ga darbejiya da sararin sama da fuskarsa a jikin motar. Ba a ce wa suruki ya yi kuskure, balle a kan alheri, saboda haka ya durƙusa ya yi godiya, ya sa albarka. Daga baya Ramlat ta ba da labari cewa da ya isa gida ya ɗebi ƙasa ya watsa wa motar, amma folish ɗin Almustapha ba ya riƙe ƙura, ruwan sama na farko ya wanke ta tas. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a tasha cewa malamin Safana ya yi sabuwar mota.

Wata rana da hantsi 'yan bindiga suka tare shi, kafin ya kai Safana. Suka sallami fasinjojin, suka ɗora shi a babur suka shiga daji, suka bar motar a gefen hanya ko ƙwarzane babu. Yayansa Daudu ne ya riƙa magana da su a waya, kuma abin da suka nema na mai sabuwar mota ne. Ya rantse musu cewa malamin firamare ne, motar gado ce, suka ƙi ji. Aka sa motar a kasuwa, babu wanda ya taya a Batsari, don wa zai hau ta? Dillalan da suka zo daga Katsina kuwa suna buɗe bonet suka ga tsohon inji suka juya.

Da dabara ta ƙare, Daudu ya kawo wayar gareji ya ce ko za su yarda da bakin wanda ya yi aikin. Almustapha ya karɓa. Ya ce, “Ni ne mai fentin. Wallahi motar nan ta girmi matarsa, tsohuwa ce tukuf. Ni na goge ta da hannuna.”

Ɗan bindigar da ke kan wayar ya yi dariya, ya ce, “Tsoho, kada ka raina mana hankali. Mun shafa ta da hannunmu. Duk Batsari da Safana babu mai hannun da zai yi wannan aikin, ko a Katsina sai an tona.” Ya kashe wayar.

Tun da Almustapha ya dawo daga Kaduna yake jiran ranar da wani zai faɗi haka a kan aikinsa. Ya miƙa wa Daudu wayar, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya kasa ko tari.

Ya sayar da gonarsa ta Karare, ya sayar da kwamfaresar da yake fesa fenti da ita da janareta, dangi suka haɗa abin da suka iya, aka aika. Suka karɓa suka ce saura. Daga baya wayar ta daina shiga. Bayan an yi girbin gero wani mutumin Zakka da ya kuɓuto ya kawo labarin cewa zazzaɓi ya kama Malam Jamalu a can, kuma shi da kansa yana cikin waɗanda suka binne shi.

Ramlat ta yi takaba a gidan mahaifinta, ba ta taɓa ce masa komai a kan motar ba, Hansatu ma haka, kuma shirun nan ya fi masa zagi ciwo. Motar na nan a gareji inda aka jawo ta, dangin mamacin sun ce ba sa son ganinta. Ranar da Ramlat ta fita takaba za ta je gaishe da surukarta, ta bi ta gefen motar, sai ta ga kanta a jikin ƙofar, ta rame ta yi baƙi. Ta tsaya ta ce, “Baba, har yanzu tana ƙyalli.” Ta gyara mayafinta ta wuce.

Almustapha ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko samfefa mafi kaushi da yake da ita, irin wadda ake kankare tsatsa, bai ko jiƙa ta ba. Ya fara daga ƙofar direba.