Robar Kek Da Ba Ta Dawowa Wayam

Wata rana, Lahadi da la'asar, na shiga motar haya daga Malumfashi zan koma Kaduna.

Kun san ni da ciye-ciye a hanya. Muna tsayawa shan mai a Funtuwa na zura hannu ta taga na sayi kek ɗin nan na leda da ake talla a faranti.

Na ɓare, na miƙa wa matar da ke gefena. Tun da muka taso ta jingina kai da gilashi tana kallon gonaki.

Na ce, "Bismillah."

Ta kalli kek ɗin kamar kunama na miƙa mata. Ta ce, "Don girman Allah, 'yar'uwa, kawar min da shi."

To fa! Ni da son jin ƙwaƙwaf, ai sai na gyara zama.

Sunanta Barira. A wani kamfani take aiki a Kaduna, irin wuraren nan da ba su san Asabar ranar hutu ba ce. Lahadi kaɗai gare ta.

Mahaifiyarta, Inna, tana Malumfashi a hannun ƙanwarta Saude. Tsufa ya zo wa Inna da mantuwa. Da farko carbi take nema alhali yana hannunta. Daga baya ta fara cigiyar mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Lahadin nan guda, ta Inna ce. Barira kan yi sammako ta je, ta wanke mata kai, ta yi mata kitso, ta yanke mata farce, su sha hira, ta juyo da yamma.

Haka ake yi, har makon da ta yi kek.

Ba wani biki aka yi ba. 'Yarta ce ta ci jarrabawa, murna ta ɗebe ta, ta ce bari ta ɗan yi wa 'yan ofis wani abu su sa wa yarinya albarka. Ta kira Saude ta ce a ba Inna haƙuri, sai Lahadi mai zuwa.

Barira ba ta da injin gashi. Babbar tukunya ce, a zuba yashi a ƙasa, a jera gwangwanaye, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Duk wadda ta taɓa irin wannan gashi ta san ba a matsawa. Ki juya ki amsa sallama, ƙasan ya ƙone. Ga tukunya ba ta ɗaukar da yawa, sai zubi bayan zubi.

Wuni guda cur yake ci.

Litinin ta shiga ofis da roba cike.

Wuri ya kaure. Anti Ladidi, akawun kamfanin, ta rantse tun da take ba ta taɓa cin mai laushinsa ba. Madam Rifkatu ta naɗe wa yaranta a takarda. Oga da kansa ya fito da kofin shayi a hannu. Malam Tanimu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya karɓa hannu bibbiyu yana ta sa albarka.

Barira ta ce min, "Wallahi ranar na ji daɗi. Tun da na fara aiki ban taɓa jin an kira sunana haka ba."

Da aka tashi ta nemi robarta, aka ce Anti Ladidi ta tafi da ita za ta wanke.

Ranar Juma'a roba ta dawo.

Da nauyi.

Fulawa, suga da bota.

Kun san al'adarmu, ba a mayar wa mutum kwano wayam. Aka aiko miki da tuwo, ko ƙuli-ƙuli ne kya sa a ciki, ko sabulu, ko 'yar daddawa. Anti Ladidi tarbiyya ta nuna. Ta dai duba ta ga mai yin kek, me ya fi dacewa da ita in ba kayan kek ba?

Amma ku tsaya a inda Barira ta tsaya. An miƙa miki fulawa da bota ranar Juma'a, a gaban kowa, ana murmushi. Ranar Litinin da wane ido za ki shigo hannu rabbana?

Ta sake kiran Saude. "Ki ce wa Inna wannan makon ma dai. Na gaba in sha Allahu ina tafe."

Na gaban, Madam Rifkatu ce ta karɓi robar. Ta dawo da ita da madara da kwakwa, ga kiret ɗin ƙwai a gefe.

Na bayansa, Malam Tanimu.

Kafin a ankara abu ya zama kamar adashi, kowa ya san makonsa. Sunan Barira ma ya ɓace, aka koma Maman Kek. Baƙo ya zo ofis, da haka ake gabatar da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mata, "Ki yi mana kek." Ko mutum ɗaya. Roba ce kawai ke zuwa tana dawowa, ita kuma tana bin ta.

Na ce mata, "Haba Barira, ki saya a shago mana ki juye a robar!"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Anti Ladidi da harshenta? Lasa ɗaya za ta gane. Kuma fulawar mutane fa, in kai ta ina?"

Ba wai ba ta nemi hanyar fita ba. Ta nema.

Wani mako ta bar shi ya ɗan ƙone da gangan, ko a ce hannunta ya lalace a ƙyale ta. Oga ya ce shi dama ɓawon nan mai ƙauri ya fi so. Madam Rifkatu ta ce laifin tsofaffin gwangwanaye ne, ta sayo mata sababbi.

Wata Juma'ar ta yi ƙorafi a fili cewa gawayi ya yi wuyar samu a unguwarsu. Washegari tana komawa gida ta tarar da buhu guda a ƙofa, oga ya aiko.

Ta tsaya tana kallon buhun, ta ce ji ta yi kamar ta zauna a kai ta yi kuka. Sai ga shi ta ɗauki waya tana godiya.

Duk ƙofar da ta taɓa, sai a toshe ta da alheri. Mugunta aka yi maka, ka san yadda za ka yi faɗa. Alheri fa, wa za ka kai ƙara?

Lahadi ta zama ranar hayaƙi. Tun hantsi tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsuguno, tana buga bota da suga har kafaɗa ta riƙe, tana fifita garwashi, ido na ruwa. In ta ji kwandasta a titi yana kiran Funtuwa, sai ta tuna da Inna.

Ta ce ta tsani ƙamshin. Ko a mayafinta ta ji shi, sai ta cire ta wanke.

Saude kuma ba ta fasa kira ba.

Farkon damina: "Yaya, Inna tana ta tambayarki. Ta sa na fito mata da kibiyar kitso tun safe."

Tsakiyar damina: "Yaya, yau Inna ta kira ni da sunan marigayiya Goggo. Ki daure ki zo."

Da aka fara girbi: "Yaya, yanzu ba ta cika tambayarki ba."

Kun san abin da Barira ta ce a ranta da ta ji wannan na ƙarshe? Ta ce alhamdu lillahi, Inna ta saba, ta daina damuwa.

Da ta faɗa min wannan sai da ta rufe fuska da mayafi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Sai Litinin ɗin da ta wuce kafin haɗuwarmu.

An raba kek kamar kullum, an yi santi kamar kullum. Da azahar ta zagaya bayan ofis za ta yi alwala. Can gefen janareta ta hangi Malam Tanimu a tsugune, yana marmasa wani abu yana watsa wa tantabaru.

Kek ɗinta ne.

Ya ɗago suka haɗa ido. Dattijo ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Malam, bai yi daɗi ba ne?"

"'Yata, ciwon suga gare ni. Tun bara likita ya raba ni da zaƙi."

"To me ya sa kake karɓa? Har ƙwai fa kake kawo min!"

"Kunyarki nake ji. Kin wuni a kan wuta saboda mu, in ce ba na so? Ke fa, ba ki gajiya?"

"Na gaji, Malam. Tuntuni."

"To me ya sa kike yi?"

"Kunyarku nake ji."



Buta a hannunta, garin kek a hannunsa.

Nan fa Malam Tanimu ya kwance mata sauran. Madam Rifkatu rage ƙiba take yi, maƙwabta take kai wa nata. Anti Ladidi ta sha yin mita a bayan ido in makonta ya zagayo. Su duk sun ɗauka kek ne farin cikin Barira. Wasu ma cewa suke sana'a take shirin buɗewa, a taimaka mata da kaya kar a karya mata gwiwa.

Ofis guda, manya da hankalinsu, kowa na cin abin da ba ya so don kar ran wadda ba ta son yi ya ɓaci.

Da ta ba shi labarin Inna, dattijon nan salati ya saka. Ya ce, "Uwa? Uwa kika ajiye saboda cikinmu? Barira, da kin yi magana ai da mu za mu sa ki a mota!"

Shi ya karɓi robar a ranar. Me ya gaya wa sauran, ba ta sani ba.

Juma'a ya ajiye mata ita a kan tebur, a wanke tas, ba ko ƙwayar suga a ciki. Ta ce tun da take ba a taɓa ba ta kyautar da ta kai wannan ba.

Lahadin nan da muka haɗu ta yi sammako, kamar da.

Ta tarar da Inna a inuwar ɗaki, ta rame, kanta a tsefe. Barira ta yi sallama, ta durƙusa a gabanta.

Inna ta amsa da fara'a. Ta ce Saude ta kawo tabarma, ta kawo ruwa. Ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida. Gaisuwa mai kyau, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙuwar kirki.

Saude ta ce, "Inna, Yaya ce fa. Daga Kaduna."

Fuskar Inna ta washe. Ta kamo hannun Barira ta riƙe gam.

Ta ce, "Daga Kaduna kike, baiwar Allah? To ko kin san 'yata Barira? A can take aiki. In kin gan ta ki ce mata kar ta damu, na san aiki ne ya yi mata yawa. Ki ce ban bari kowa ya taɓa min kai ba, ita nake jira."

Barira ta ce, "Zan gaya mata, Inna."

Ta roƙi a bar ta ta yi mata kitson. Inna ta janye kai a hankali, ta ce a'a, ta gode, 'yarta na tafe ranar Lahadi.

Nan Barira ta ƙare labarin, ta mayar da kai jikin gilashi har muka shigo Kaduna.

Darasi:

Kunya ado ce, amma wadda ta hana ka cewa "na gaji" ta zama igiya a ƙafarka. Mutanen da kake kashe kanka don kar su ji ba daɗi, wataƙila su ma kai suke jira ka fara magana.

Yi alheri iya ƙarfinka. Amma ka duba ranar wa kake ɗauka kana yin sa. Abokan aiki za su samu abin shan shayi ranar Litinin ko ba ka. Akwai wadda ba ta da wani sai kai, kuma ba kullum za ta iya riƙe fuskarka ba.

In kana da wata roba da ke zuwa tana dawowa a rayuwarka, buɗe baki yau, cikin ladabi, ka ce ya isa.

Ku tura wa wanda kuka san ba ya iya cewa a'a. In kuma ku ne, ku ajiye wayar nan ku kira gida tukuna, turawar ta biyo baya.